Ranar da teku ta fi Ikeja haske a taswirar ɗan yayata

Wata Asabar ce bayan la'asar ɗan yayata ya faɗo min gida a Agege da laftof a jakar goyo, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya ce Kawu don Allah zo ka duba min wani abu, ranar Talata zan kai wa Dakta, malamin da ke duba aikina, babi na huɗu kuma taswirata ta haukace. Na ce taswira kuma tana hauka? Ya buɗe ya juyo min sikirin. Abun da na gani shi ne taswirar hasken dare ta bakin tekun Najeriya tun daga Badagry har wajen Fatakwal, Legas ta yi ja da ruwan ɗorawa yanda ya kamata, amma tsakiyar teku ta yi fari fat, haka ma dazukan da ke tsakanin Epe da Ondo, fari yaf-yaf kaman an watsa gishiri a tabarma. Sandar launin da ke gefe kuma tana cewa fari shi ne ƙarshen haske. Wato in ka yarda da hoton nan, kifayen teku sun fi mutanen Ikeja samun wuta.

Yaron mastas yake yi a fannin labarin ƙasa a wata jami'a a nan Legas, ni kuma aikin data nake ci da shi, na daɗe ina zane da Python, yaren rubuta kod na kwamfuta, shi yasa duk wanda kod ya ƙi masa a dangi wajena yake kawowa, har masu matsalar WhatsApp. Na ce bari in rubuta yanda muka warware wannan ɗin tiryan-tiryan saboda ba sau ɗaya ba sau biyu na ga ɗalibai sun faɗa ramin nan ba.

Datar da yake aiki da ita ta hasken dare ce. Akwai wata na'ura VIIRS a jikin tauraron ɗan'adam mai suna Suomi NPP da Amurka ta harba a Oktoban 2011, tana wucewa ta samanmu wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare tana auna hasken da ke tashi daga ƙasa. Wata ƙungiyar masu bincike, Earth Observation Group, da yanzu take Colorado School of Mines, ita ke tattara dararen wata guda ta cire waɗanda farin wata ko gajimare ya ɓata, ta fitar da matsakaici, tun daga Afrilun 2012, kuma kyauta ake saukewa. Kowane ɗigo a hoton fili ne na kusan rabin kilomita tsawo da faɗi, kuma yana ɗauke da lamba ɗaya, yawan hasken wurin. Shi burinsa ya jera watannin 2015 guda 12 ya ga yanda hasken Legas da kewayenta ke hawa da sauka.

Na ce masa kafin mu taɓa komai faɗa min duk abun da ka yi tun farko kar ka ɓoye min ko ɗaya. Ya yi dariya ya ce Kawu ai da yawa.

Farko dai zane ya yi kai tsaye da imshow, umarnin zana hoto na Matplotlib, manhajar zane ta Python, ba tare da ya sa komai ba, sai hoton ya fito baƙi ƙirin in banda wasu 'yan ɗigo-ɗigo a yankin Neja Delta. Legas gaba ɗayanta da ƙyar ake hango ta. Ya zaci fayil ɗin ne ya lalace har ya sake saukewa, ya ƙona data a banza. Fayil lafiyarsa lau. Waɗancan ɗigo-ɗigon wutar iskar gas ce da ake ƙonawa a rijiyoyin mai wajen Warri da Bonny, lambarsu tana kaiwa dubbai, cikin gari kuma gommai ne, ƙauye ɗaya ko ma ƙasa da ɗaya. Jerin launi a Matplotlib yawanci launi 256 ne, to ɗauka misali mafi girman lamba 5000 ce, in aka raba daidai wa daida kowane launi ya ci wajen 20, unguwar da ke da 40 tana launi na biyu ko na uku daga ƙasa kenan, ido ba zai bambanta ta da daji ba. Kaman ka sa attajiri ɗaya cikin layin masu tura baro a Mile 12 ka ce a auna su da ma'auni ɗaya, duk sauran za su koma sifili.

Maganin wannan shi ne sikelin log, kuma ya gano hakan da kansa, na yaba masa. A sikelin log tazarar da ke tsakanin 1 da 10 daidai take da ta 10 da 100, daidai da ta 100 da 1000, kowane ninki goma taki ɗaya ne. Sai ƙauye ya samu nasa launin, gari ya samu nasa, wutar gas ta samu nata. Amma log yana da sharaɗi ɗaya da ba ya ɗagawa ko wa kake: ba ya karɓar sifili, ba ya karɓar abun da ke ƙasa da sifili. Duk wahalar da muka sha kwana uku daga wannan sharaɗin ta fito.

Abun da ya fara yi shi ne ya ɗauki np.log10 ya maka wa datar gaba ɗaya sannan ya zana. NumPy, manhajar lissafin da np.log10 ke cikinta, ya yi masa gargaɗi har biyu, ɗaya kan raba abu da sifili ɗaya kan lambar da ba ta inganta ba, bai kula ba tunda hoto ya fito. Sandar launi ta nuna daga mainos 2 zuwa 3 da wani abu, shi kuma ya rubuta ma'aunin haske na asali a jikinta, ya kai wa malaminsa. Dakta ya kalla ya ce masa haske mainos biyu kuma wane iri ne, duhu ne ya ci bashi? Ya dawo jiki a sanyaye. Gaskiyar Dakta ce, lambobin da ke jikin sandar yanzu ba haske ba ne, yawan ninkin goma ne, mainos 2 yana nufin 0.01, 3 yana nufin 1000, kuma ba aikin mai karatu ba ne ya zauna yana wannan lissafin a ka.

Daga nan wani abokinsa ya ce masa ai sauƙi gare ta, ƙara ɗaya a kan kowace lamba kafin ka yi log, sifili ya koma ɗaya, log ɗin ɗaya kuma sifili ne, shikenan. Wannan shawarar ta cika intanet kuma ni haushinta nake ji, gyaran gangar Auzinawa ce. In lambobinka ƙidaya ce ta mutane ko motoci to da sauƙi. Amma a nan ƙauyukan da yake son nunawa haskensu 0.3 ne, 0.8 ne, in ka ƙara ɗaya sun koma 1.3 da 1.8, na biyun da ya kusa ninka na farko sau uku yanzu ko ninki ɗaya da rabi bai kai ba, duk sun cure a gindin sandar, garin neman gira an rasa ido. Kuma me yasa ɗaya? Me yasa ba 0.1 ba ko 10? Babu dalili, in da ma'aunin datar wani ne daban da hoton ya sake kama gaba ɗaya.

Sai ya gano LogNorm na Matplotlib, wanda shi ne hanyar da ta dace, domin shi ba ya taɓa lambobinka, rabon launin kawai yake yi bisa log, sandar kuma ta nuna 1, 10, 100 na gaskiya. Nan ma sai da ya yi karo biyu. Ya sa vmin=0 (vmin shi ne lambar gindin sanda, vmax ta ƙololuwarta) don yana so a fara daga duhu, kwamfuta ta watso masa jan rubutu tana cewa Invalid vmin or vmax. Ya gyara ya kwafo wani tsohon kod da aka ba imshow LogNorm sannan aka ba shi vmin da vmax a gefe, shi ma ya ƙi, alhali a laftof ɗin abokinsa yana tafiya lafiya, har ya fara zargin tasa kwamfutar da ya saya a Computer Village. Ba ruwan kwamfuta. Matplotlib ya fara gargaɗi kan wannan salon tun fitowa ta 3.3, a 3.5 ya hana shi kwata-kwata, dole vmin da vmax su shiga cikin LogNorm ɗin kansa. Abokin tsohon zubi yake amfani da shi. Da ya gaji sai ya cire komai ya bar LogNorm() haka tsurarsa, ya zaɓi jerin launi hot saboda wai ya yi kama da wuta, shi ne ya samu farar tekun da ya kawo min.

To nan na karɓi laftof ɗin. Ban taɓa zanen ba tukuna, na ce mu fara tambayar datar. Layi uku kawai: mafi ƙanƙantar lamba, ɗigo nawa ne sifili cif, ɗigo nawa ne ƙasa da sifili. Mafi ƙanƙantar ta fito da mainos a gabanta. Ya zaro ido ya ce Kawu ashe da gaske akwai haske mainos. Na ce babu, amma akwai awo mainos. Na'urar nan tana da nata ɗan motsin ko a cikin duhu, masu sarrafa ta suna cire wani ƙiyasi na wannan motsin daga kowane awo, to inda duhu ya yi duhu sosai kaman tsakiyar teku, abun da ya rage yana rawa ne kusa da sifili, wani ɗigon ya ɗan haura wani ya ɗan gaza. Kaman sikelin mai sayar da tumatir ne in babu komai a kai, allurar ba ta tsayawa cak a sifili.

LogNorm in ya ci karo da irin waɗannan ba ya ihu, rufe su yake yi shiru ya jefa su ajin da Matplotlib ke kira bad, ajin lambobin da ba su zanuwa. Launin wannan ajin kuma in ba ka faɗa ba babu shi, garai yake kaman gilashi, abun da ke baya kake gani, abun da ke baya kuma farar takarda ce. Ba fenti fari aka shafa wa tekun ba, huda ce. Shi kuma hot daga baƙi yake farawa ya bi ta ja da ruwan ɗorawa ya ƙare a fari tas. Sai huda da ƙololuwar haske suka sa riga iri ɗaya. Na danna hoton na sa bayan ya koma kore don ya gani da idonsa, nan take teku ta koma koriya yaf-yaf, wutar gas ta Bonny kuma ta tsaya a farinta. Ya riƙe kai ya ce innalillahi, sati biyu.

Akwai ɓarna ta biyu da barin LogNorm tsurarsa ya yi wadda shi bai lura da ita ba. Tunda ba a ba shi vmin ba sai ya nemo mafi ƙanƙantar lambar da ta haura sifili ya fara daga nan, ita kuma 'yar mitsitsiya ce daga cikin rawar allurar nan. Misali in ya fara daga 0.001 ya ƙare a 10000 taki bakwai kenan, uku daga ciki sun tafi wajen yi wa hayaniyar na'ura kwalliya, shi yasa dajin ya yi dabbare-dabbare kaman akwai wani abu a ciki. Muka zana yawan lambobin wani yanki na teku da muka tabbata babu jirgi a ciki, nesa da inda jirage ke jiran shiga Apapa don su fitilunsu suna fitowa sarai, muka ga iya inda rawar ta tsaya, muka yanke vmin a 0.5. Sama kuma muka tsaya a 200, abun da ya wuce nan wutar gas ce ba ita yake nazari ba. Waɗannan lambobin zaɓinmu ne ba wahayi ba, na ce masa ya rubuta su a ƙarƙashin hoton da dalilinsu.

Ya ce to Kawu ai shikenan sai mu ce set_bad, umarnin da ke ba ajin bad launi, baƙi, duk hudar ta koma duhu. Muka yi hakan, muka sauya hot da wani jerin launi mai suna inferno, hoton Janairu ya fito gwanin sha'awa, Legas kaman garwashi, hanyar Ibadan ta miƙe siririya, Benin ga ta can, teku baƙa wuluk. Aka kira magariba muka tafi masallaci yana ta murna. Ni ma wallahi na ɗauka an gama.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan isha muna cin tuwo ya ce bari ya nuna min babban abun da ya gano, wanda shi ne zuciyar babin. Ya buɗe Yuni. Ga wasu manyan faci baƙaƙe sun cinye gefen Ikorodu da wani ɓangare na hanyar Epe, wuraren da a Janairu suke da haskensu. A tsohon hotonsa na log10 ya riga ya cike su da lamba mafi ƙasa don su daina fari, kuma ya rubuta shafi ɗaya da rabi a kansu, wai ruwan saman Yuni yana kayar da turakun wuta, unguwannin gefen gari suna kwana cikin duhu. Labari mai daɗi, kuma duk wanda ya zauna Legas zai gyaɗa kai, don mun san yanda ake ɗauke wuta da hadari ya haɗo.

Amma abun bai kwanta min ba. Na ce masa ɗana, matsakaicin wata guda ne fa wannan. Kana nufin Ikorodu ta yi dare talatin babu ko janareto ɗaya, babu gidan mai, babu fitilar tirela, sifili cif? Mu da in an ɗauke wuta a layinmu ƙarar janareto ke hana mu barci? Kuma dubi bakin facin, bai bi titi ba bai bi unguwa ba, ya yanka ta tsakiyar gari ya faɗa cikin ruwa. Na ce ina ɗaya fayil ɗin? Ya ce wanne? Na ce kowane wata fayil biyu ne, mai avg_rade9h a sunansa da mai cf_cvg. Ya sosa ƙeya ya ce ai na biyun ya goge su tuntuni, fili suke ci masa kuma da ya buɗe ɗaya bai ga haske a ciki ba.

Ba haske ne a ciki ba dama. Ƙidaya ce, kowane ɗigo yana faɗa maka sau nawa tauraron ya samu ya leƙo wurin a watan ba tare da gajimare ya tare shi ba. Masu datar da kansu sun ja kunne cewa kar wanda ya ga sifili a fayil ɗin haske ya ɗauka babu fitila a wurin sai ya duba wannan ƙidayar, domin inda ba a samu leƙe ko ɗaya ba sifili ake sawa. Yuni kuma shi ne watan da ruwa ya fi zuba a Legas, sama a rufe take dare da rana. Rashin sani ya fi dare duhu, mu kuma da set_bad ɗinmu mun shafa wa rashin sani da dare fenti ɗaya.

Fayilolin nan manya ne don yankin da Najeriya ta faɗa a ciki ya haɗo Turai da rabin Afirka, sai da muka jira sha biyun dare ya sayi datar dare mai araha muka sa saukewa, aka ɗauke wuta wajen ƙarfe biyu, inbata ta riƙe mu da ƙyar. Da asuba muka ɗora ƙidayar Yuni a kan hotonsa. Facin nan da inda ƙidaya ta nuna sifili kaman an yanka su da almakashi ɗaya. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce Kawu shafi ɗaya da rabi fa. Na ce gara ni in goge maka shi da a goge maka ranar difens gaban mutane.

To yanzu abubuwa uku ne a hannunmu da dole kowanne ya samu kamarsa: wurin da aka duba aka ga duhu, wurin da ba a samu dubawa ba, da wurin da haske ya wuce sandar. Nan akwai wani tarko da ya kama ni ni kaina shekarun baya. Mutum zai zaci set_under, umarnin da ke ba ajin under na ƙasan sanda launi, zai kwashe duk abun da ke ƙasa da vmin, to a LogNorm ba haka ba ne, yana kwashe wanda ya haura sifili amma bai kai vmin ba ne kawai, sifili da mainos ajin bad suke tafiya tare da NaN, alamar da ke nufin babu lamba a wurin. Saboda haka rabuwar a cikin datar ake yin ta kafin zane. Muka yi kwafi don kar mu ɓata ta lissafi, inda leƙe bai kai uku ba muka sa NaN, don matsakaicin dare ɗaya ko biyu ba abun dogaro ba ne, ukun ma mu muka zaɓa. Yaron ya ce wannan NaN ɗin sunansa nan amma ma'anarsa ba ya nan, na ce ka ga ka riƙe shi kenan har abada. Sannan muka bi da np.maximum, mai ɗaukar mafi girma cikin lambobi biyu, da 0.01, duk sifili da mainos da suka rage suka hau 0.01, ƙasa da vmin amma sama da sifili, sai su faɗa under. Daɗin np.maximum shi ne ba ya taɓa NaN, yanda ya same shi haka yake barinsa, ɗan'uwansa np.fmax kuwa cike shi zai yi ya mayar da mu gidan jiya. Jerin launin muka yi masa with_extremes, under baƙi, over, wato abun da ya haura vmax, shuɗi mai haske, bad ruwan toka, sandar kuma muka ba ta extend="both" ta fito da 'yan kibiyoyi sama da ƙasa masu nuna akwai abun da ya wuce nan.

Ya tambaye ni SymLogNorm fa, ya ga ana cewa shi yana karɓar mainos. Yana karɓa, yana yin layi miƙaƙƙe kusa da sifili gwargwadon iyakar da ka ba shi, wato linthresh, sannan ya koma log hagu da dama. Amma mainos ɗinmu ba shi da ma'ana, rawar allura ce, me za mu ba shi rabin sanda ya yi da ita? Inda zai yi masa amfani shi ne hoton da zai cire Janairun wata shekara daga na wata, nan mainos yana nufin haske ya ragu da gaske, na ce ya ajiye shi sai babi na biyar.

Sauran gyaran na Lahadi ƙanana ne amma ɗaya daga ciki da ya wuce da ya yi ɓarna. Hotuna 12 ya jera da sanda ɗaya a gefe, alhali kowane hoto shi ya zaɓar wa kansa vmin da vmax, sandar ta Disamba ce kawai, ruwan ɗorawan Maris ba shi ne ruwan ɗorawan Agusta ba. Muka ƙirƙiri LogNorm ɗaya a sama muka miƙa wa duka sha biyun. Lambobin sandar kuma da suke fitowa goma da ɗan ƙaramin lamba a kafaɗa muka mayar da su 0.5, 1, 10, 100 yanda kowa zai karanta. Na kuma sa ya ƙara jimla biyu a babin, cewa ƙarfe ɗaya da rabi na dare ake awon, lokacin da yawancin gidaje sun kashe janareto, kuma na'urar ba ta ganin shuɗin haske sosai, don haka titin da aka sauya wa fitila zuwa farar LED irin ta sola zai iya raguwa a hoton alhali a ido ya ƙara haske.

Litinin da yamma ya sake kira. Kawu an gudu ba a tsira ba. Ya je bizines santa ya buga, kala tsada, sai ya buga baƙi da fari kaman yanda kowane ɗalibi ke yi wa daraf. Inferno ya riƙe mutuncinsa, dama shi da viridis da magma an tsara su ne haskensu ya riƙa hawa a jere, shi yasa ko babu kala ana gane sama da ƙasa, ba kaman tsohon jerin launi jet ba da Matplotlib ya sauke daga zama na asali a 2017 ya ɗora viridis. Amma ruwan tokarmu ta gajimare ta fito sak launin unguwa mai matsakaicin haske, facin Ikorodu ya koma kaman gari guda mai wuta. Ya turo min hoton takardar ta WhatsApp ina cikin danfo a gosulon Oshodi, na kalla na yi dariya ni kaɗai har na kusa da ni ya juyo.

Na tura masa saƙon murya na ce cire ruwan tokar, mayar da bad garai yanda ka same shi tun farko, hudar ta dawo. Ya ce Kawu hudar da muka kwana muna toshewa? Na ce ita. Sai ka je ax.patch, wato bangon da ke bayan hoton, ka sa masa hatch na layi-layi a karkace, duk inda ba a samu leƙe ba layukan za su leƙo ta hudar, babu wani launi a sandar da ya yi kama da layi ko da kala ko babu. Shuɗin wutar gas kuma ya bar shi, 'yan ɗigo ne a Neja Delta, ya yi musu bayani a ƙasan hoto. Kafin in sauka a Pen Cinema ya turo sabon, Yuni da Yuli sun sha zane kaman atamfa, Janairu da Disamba kusan babu ko ɗaya.

Talata ya kai. Da daddare ya zo ya ba ni labari, wai Dakta ya daɗe yana kallon shafin Yuni ya ce waɗannan layukan fa, ya ce ranka ya daɗe wuraren da gajimare ya hana a gani ne. Dakta ya ce to maganar turakun wuta da ka gaya min wancan satin fa? Ya ce ranka ya daɗe na cire ta. Dakta ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan watannin damina huɗu ya ce waɗannan ba za su shiga kwatance ba, ya tsaya kan na rani, ya ƙara masa shekara biyu ya sauko da su kafin ƙarshen wata, kowane wata da fayil ɗinsa na ƙidaya. Yanzu haka faifan ajiyar data na waje nawa yana wajen yaron, ya ce fili ya ƙare masa, kuma tun ranar bai dawo min da shi ba.